Tsagar Bangon Zauren Baffa: Me Ya Sami Manyan Kifayenmu?

A zauren gidanmu da ke Shanono, hannun dama in ka shigo, akwai wata tsaga da aka yi da ƙusa a jikin bango. Duk shekarar da aka zo yaɓe, Baffana kan tsaya a kan magina har sai ya ga sun kewaye wajen ba su shafe ta ba. Yau da nake magidanci, tsagar ta kawo mini ƙugu. Tsawon wata tarwaɗa ce da ya kamo da fatsa a dam ɗin Watari da ke Bagwai, a farkon shekarun 1980, lokacin da ruwan bai daɗe da cika ba. Ya ɗago ta, ya jingina da bango, wutsiya na taɓa ƙasa, ya ja ƙusa daidai inda bakinta ya tsaya. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda maƙwabta suka cika zauren ba, da yadda aka raba ta gida huɗu kowa ya ci ya bari.

Baffa ba masunci ba ne, kuma bai gaji su ba. Manomi ne kamar kowa a ƙasarmu, mai gero da dawa da gyaɗa. Sai dai idan kaka ta wuce, an kai amfani rumbu, yakan ɗaure sandar gora a jikin kekensa, ya zuba tana a gwangwani, ya kama hanyar Bagwai bayan sallar asuba. Ban taɓa ganin ya sayar da kifi ba. Abin da ke kai shi shi ne zaman shirun bakin ruwa, da wannan fizga da kan zo a hannu ba zato, da kokawar da ake yi da babban kifi kafin a kai shi tudu. Ya sha gaya mini cewa wanda bai taɓa jin babban kifi ya ja zare ba bai san daɗin ruwa ba. Daga baya ne na gane cewa abin da yake yi da sandar gora da keke shi ne abin da masu kuɗin duniya ke hawa jirgin sama su tafi bakin teku su yi, su biya dubban daloli.

Bara da rani na ɗauki ɗana na fari muka je bakin dam ɗin. Mun tarar da kwale-kwale sun fito, mata masu suya da 'yan sari sun kewaye su. Na leƙa kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Karfasa ce mafi yawa, ƙanana, da yawansu ba su wuce yatsu uku a faɗi ba, sai 'yan kurungu, sai tarwaɗa da ba ta fi tsawon kamu ɗaya da rabi ba. Can sai yaron ya jawo rigata yana murna, ya nuna mini wata karfasa da ta cika tafin hannu.

"Baba, ga babba! Wannan za mu saya."

Na saya masa. Da muka dawo gida na kai shi zaure na nuna masa tsagar, na ce kakansa ya kamo kifi mai wannan tsawo a ruwan da muka baro ɗazu. Ya dubi bango, ya dube ni, ya yi murmushin da yaro kan yi idan babba na ba shi tatsuniya. Baffa, wanda yanzu ƙafa ta hana shi hawa keke, yana zaune a kan buzunsa yana jinmu. Ya ce da ni: "Ɗan nan, kada ka ga laifinsa. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta kewarsa."

Wannan murmushi na ɗana ya fi ƙananan kifayen damuna. Domin ruwa yana iya lalacewa a gyara, muddin akwai wanda ya san yadda yake a da. Idan masu sanin suka ƙare, lalacewar ta zama ita ce daidai a idon kowa.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A can kudancin jihar Filorida ta Amurka akwai wani tsibiri da ake kira Key West, wanda ya yi suna a duniya wajen kamun kifi na nishaɗi. Baƙi kan yi hayar jirgi su shiga teku da fatsa, idan sun dawo a rataye abin da suka kamo a jikin wani allo a bakin gaɓa, su tsaya a gefe a ɗauke su hoto. An shafe shekara da shekaru ana haka. Wata mai bincike, Loren McClenachan, ta tattara waɗannan hotuna tun daga na 1956 har zuwa 2007, ta auna kifayen da ke ciki, ta fitar da sakamakon a 2009. A hotunan farko, matsakaicin nauyin kifin da ake alfahari da shi ya kusa kilo 20, kuma akwai waɗanda suka fi mutumin da ke tsaye kusa da su tsawo da kauri. A hotunan ƙarshe, matsakaicin ya dawo kilo 2.3. Wato cikin shekara hamsin, kusan kashi tara cikin goma na girman kifin ya tafi. Amma mutanen da ke cikin hotunan ƙarshe suna washe baki kamar na farko, kowa na ganin ya kamo babba.

Tun a 1995 wani masanin harkar kifi mai suna Daniel Pauly ya bayyana wannan cuta. Ya ce kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin ma'auni, sai ya auna raguwa daga nan. Uba ya ga an ragu daga goma zuwa bakwai, ɗa ya tashi ya ɗauka bakwai ne asali, ya ga an ragu zuwa huɗu, jika ya ɗauka huɗu ne asali. Babu wanda ya ga faɗuwar gaba ɗaya. Bahaushe ya daɗe da yi wa mai irin wannan sani suna, kifin rijiya, wanda ke tsammanin iyakar ruwan duniya shi ne wanda yake ciki. Hotunan Key West da tsagar Baffa aiki ɗaya suke yi: suna hana mu zama kifin rijiya.

A ƙasar Hausa, idan ana maganar kamun kifi don gasa da burgewa, Argungu ake nufi. Bikin da muka sani yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Kabawa suka nuna masa abin da suka fi kowa iyawa, wato su. Amma al'adar ta girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba, da gyaran ruwa da fashin ruwa da sauran abubuwan da Sarkin Ruwa ke jagoranta. Ranar gasa, dubban masunta kan jeru a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da ƙaton goransa, a harba bindiga su ruga su faɗa ruwa, makaɗa na binsu a cikin jirage. Cikin kamar sa'a guda an gama, sai a koma kan sikeli. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da mai kallo a talabijin bai cika lura da shi ba shi ne sirrin da ke ƙarƙashin wannan sa'a guda. Matan Fada ruwa ne da ake tsarewa. Ba a barin kowa ya jefa koma a wannan yanki sai ranar da aka buɗe shi. Kakannin Kabawa ba su karanta ilmin kifi a jami'a ba, amma sun san ruwan da ba ya hutawa ba ya tara manya. Giwan ruwan da ake ɗagawa a nuna wa sarakuna da gwamnoni, wannan hutun ne ya raine shi.

Duk da haka Argungu ma ta ji a jikinta. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a sikeli. Shekarar da ta biyo, 2006, ba a shiga ruwa ba saboda ƙarancinsa. A 2008 kuma aka yi abin da ya kunyata bikin: kifin da aka ba na ɗaya, mai nauyin kusan kilo 66, daga baya aka ce tun kafin gasa ya mutu, daga wani ruwa aka kawo shi, aka kuma karɓe kyautar. Ni a wurina labarin ya wuce na ha'incin mutum ɗaya. Idan har kyautar mota da kujerar Makka na jiran babban kifi, kuma babban kifi ya yi wuya a ruwan gasa, dole wani ya fara tunanin nemo shi a wani wuri. Bayan bikin 2009 aka shafe kimanin shekara goma ba a yi ba, saboda rashin tsaro da kuma halin da kogin ya shiga. Da aka dawo a watan Maris na 2020, an samu mai kilo 78.

Wani zai ce to ai ga shi nan, 78 ya fi 75, ina raguwar take? Amsar ita ce sikelin Argungu kifi uku kawai yake gaya mana, na ɗaya da na biyu da na uku. Ba ya gaya mana abin da sauran dubban masuntan suka fito da shi a homarsu, ko nawa ne suka fito hannu rabbana. Gari yana iya samun attajiri guda alhali jama'arsa na kwana da yunwa. Lafiyar ruwa ana ganinta ne a kwanon mai saye na ranar Talata, kamar wanda na leƙa a Bagwai.

To me ke cinye manyan? Dole a fara da yadda kifi ke haihuwa, domin a nan ne abin ya fi ɓaci. Yawancin kifayenmu da damina suke aure. Idan ruwan farko ya sauka, kogi ya cika ya tumbatsa ya malala cikin fadama, sai tarwaɗa da sauransu su bi sabon ruwa su hau cikin ciyawa su zuba ƙwai. A wannan ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai yalwar ƙwari da ruɓaɓɓen ganye, 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara janyewa da kaka, su biyo shi su koma kogi sun yi ƙwari. Masana sun daɗe da tabbatar da abin da masunta suka sani: shekarar da ambaliya ta yi faɗi, kifi kan yi yawa a shekarar da ke biye. Fadama ita ce ɗakin haihuwar kogi.

Dam kuwa aikinsa ke nan, ya riƙe wannan ambaliya. An gama dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. An gama na Goronyo a kan kogin Rima a 1984. Duka biyun suna sama da Argungu, kuma tun daga lokacin ruwan da ke malala fadamun ƙasa ya canza, a yawansa da kuma lokacin zuwansa. Mu ma Kanawa muna da namu kason a wannan labari, kuma bai kamata mu kawar da kai ba. Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Challawa da aka gama a 1992, su ne suka ba mu noman rani na Kadawa da ruwan sha na birni. Tumatir da shinkafa da alkama da muke tinƙaho da su daga nan suke. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar ta ragu, kuma ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ya ba kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Masuncin Nguru da na Gashuwa sun biya wani ɓangare na kuɗin tumatirinmu ba tare da an tambaye su ba. Ban ce a rushe dam ba, ni kaina na ci albarkacin Watari. Amma wanda ke riƙe da makullin ruwa yana iya sakinsa a lokacin da kifi ke bukata, in an sa kifi cikin lissafi.

Abin mamaki, irin wannan ne ya sami masu fatsar Filorida. An karkatar da ruwan daɗin da ke gangarowa daga dausayin Everglades zuwa teku, saboda gonakin rake da birane. Gishiri ya yi yawa a gaɓar, ciyawar ƙarƙashin ruwa da ƙananan kifaye ke fakewa a ciki ta mutu da yawa a 1987, ta sake mutuwa a 2015. Nahiya daban, ruwa daban, amma an taɓa ɗakin haihuwa, manya suka ragu.

Akwai kuma wata gaskiya game da tarwaɗar Baffa da ya kamata in faɗa. Sabon dam kan yi albarkar kifi ta musamman a shekarunsa na farko, domin ruwa ya haɗiye gonaki da bishiyoyi da ciyayi, duk suna ruɓewa suna zama abinci. Bayan wasu shekaru wannan garaɓasa kan ƙare, kifi ya sauko zuwa abin da ruwan zai iya ɗauka. An ga haka a Kainji bayan an rufe kogin Kwara a 1968: kamu ya yi tashin gwauron zabo, masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina, sannan ya faɗo. Saboda haka wani ɓangare na raguwar Watari ba laifin kowa ba ne. Sai dai wannan bai bayyana dalilin da zai sa kifi ya kasa kaiwa girman haihuwa kafin ya shiga kasko ba. Wannan kam aikin hannunmu ne.

A da, idon taru da na kalli yana da faɗin da ƙaramin kifi zai wuce. Yanzu ana saƙa raga mai ido kamar na rariya, wasu ma gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi suke ja a ruwa. Irin wannan ba ya barin komai, har ɗan da bai kai yatsa ba. Ga masu zuba guba. Tun da can akwai masu daka majimfa su zuba a kududdufi, amma wannan wasa ne idan aka kwatanta da maganin ƙwari irin Gammalin 20 da aka riƙa zubawa a koguna, wanda ke kashe babba da yaro da ƙwai, ya kuma bi kifin har cikin tukunyar mai saye. Ga noma har bakin ruwa, an sare bishiyoyin gaɓa, kowace damina ƙasa na zaizayewa tana cike dam, maganin feshi da taki na biye da ita. Sannan ga al'adar nan ta tare tarwaɗa da sanda da adda a daren ruwan farko, lokacin da ta hau tudu cikinta cike da ƙwai. Na yi wannan da hannuna ina saurayi, muna murna mun samu banza. Ban san cewa kifin shekaru masu zuwa muke kashewa ba.

Babban kifi ba nama ba ne kawai mai yawa. A giwan ruwa, mafi girma yawanci mata ne, kuma babbar uwa guda tana zuba ƙwai miliyoyi, ninkin-ba-ninkin abin da ƙaramar da ta fara haihuwa za ta zuba. Kafin ta kai wannan girma ta shafe shekaru da dama tana tsallake raga da ƙugiya. Duk makiyayi ya san ba a fara yanka da saniyar da ta fi haihuwa. A ruwa kuwa ita muke fara nema, kuma ita muke ba wa kyauta. Idan aka daɗe ana tsince manya, waɗanda ke saura su ne masu saurin balaga suna ƙanana, musamman karfasa, sai ruwa ya cika da tsagurgura masu haihuwar tsagurgura.

Ba na son a karanta wannan a ɗauka masunci nake zagi. Na zauna da su a bakin Watari, na ji nasu. Mutum ya fito tun dare, ya ci bashin raga, yara na jira a gida. Ka ce masa ya mayar da ƙaramin kifi ruwa, sai ya tambaye ka wa zai hana na bayansa kamawa. Tambaya ce mai nauyi. Yawan masu shiga ruwa ya ƙaru, domin gona ta yi kaɗan a ƙasa mai cunkoso irin tamu, inda gado ke raba fili har ya koma kamar tabarma. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, daga baya kuma rikici ya kori masunta daga Baga da Doron Baga, inda bandar da ke cika kasuwanninmu ke fitowa. Da yawansu sun bazu cikin ƙananan ruwayen da suka rage. Ƙasa kuma na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa bai wuce sulusin haka ba sosai. Ragowar shi ne kifin ƙanƙara da ake shigo da shi, wanda ya kai har kasuwannin ƙauyenmu.

Shi ma tekun da ke aiko mana da kifin ƙanƙara ba lafiya gare shi ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin ɗari na rukunan kifin teku ne ake kama fiye da ƙima. A 2021 adadin ya haura kashi 37. A Gambiya, inda Turawa 'yan yawon buɗe ido ke zuwa fatsar manyan kifaye a bakin kogi da gaɓar teku, an kafa masana'antun niƙa kifi a Gunjur da Sanyang da Kartong. Ƙananan kifayen da talaka ke ci, waɗanda kuma su ne abincin manyan kifayen da baƙi ke zuwa nema, su ake kwashewa a mayar gari a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Haka abin yake a Senegal da Muritaniya. Mai otal a bakin teku da mai suya a bakin hanya sun wayi gari suna kuka ɗaya.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne kifi yana dawowa idan aka ɗaga masa ƙafa. A Amurka, wani nau'in ƙaton kifi da ya cika hotunan Key West na farko ya kusa ƙarewa, sai aka haramta kashe shi a 1990, kuma a hankali ya sake bayyana a gaɓar Filorida. A can yanzu akwai nau'o'in da doka ta ce in ka kama ka auna, ka ɗauki hoto, ka saki, domin sun lissafa sun ga kifi mai rai da baƙo goma za su biya su kama ya fi mataccen da aka ci sau ɗaya. A Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya bi ta hannun sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa aka hana jan dala, babbar ragar nan da ke share komai. Abin da ya sa maganar ta yi tasiri a lokacin shi ne daga bakin shugabannin masunta ta fito.

Doka ma muna da ita. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Amma takarda ba ta tsaron ruwa da tsakar dare. Wanda ke iya tsaronsa shi ne mutumin da ya san kowane kwale-kwale da mai shi, wato Sarkin Ruwa, in hakimi da dagaci da ma'aikatan gona sun tsaya a bayansa, kuma in an sama wa masunci abin yi a watannin da aka ce ya dakata. Ba za ka hana mutum ruwa wata uku ka bar shi da yunwa ba. Amma watannin haihuwar kifi su ne na damina, lokacin da yawancin masuntanmu suna da gona. Taki da iri a kan lokaci na iya zama ladan barin ruwa ya huta.

Da na gaya wa Baffa abin da nake rubutawa, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta cewa a zamaninsu ko yaro ya san ba a ɗaukar kifin da bai kai tafin hannu ba, kuma ba hukuma ce ta koya musu ba. Ga shi na rubuta, Baffa.

Kirana ga masarautunmu da ma'aikatar gona ta jihar Kano da sarakunan ruwa na Watari da Tiga da Challawa da Bagauda shi ne a ware wa kowane dam nasa Matan Fada, wani lungu da ba a jefa raga a cikinsa, a rufe su a watannin haihuwa, a kuma ajiye sikeli da littafi a kowace mashaya ana rubuta abin da ya fito. Kai kuma mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku da ya taɓa riƙe fatsa ko homa, je ka tambaye shi girman kifin da ya kama da ruwan da ya kama shi, ka rubuta, ka karanta wa 'ya'yanka tun yana raye.